Kafin a Gina Aji, a Duba Wa Ke Riƙe da Makaranta

Duk wanda ya ratsa lungunan cikin ganuwar Kano da hantsi, daga Jakara zuwa Mandawari, zai ci karo da yara sanye da kayan makaranta suna gararamba, wasu a shagon cajin waya, wasu sun nufi kasuwar Kurmi. An fita tara, ba su koma ba. Iyayen unguwa sun san makarantar da ake sulalewa da wadda ba a yi. Gwamnati ɗaya ke biyan malamansu, manhaja ɗaya suke bi, cunkoson aji ma duk kanwar ja ce. Abin da ya raba su shi ne wanda ke zaune a kujerar firinsifal.

Mun san shugaban da ƙarfe bakwai da rabi ke yi masa a bakin ƙofa. Yana duba rajistar malamai da idonsa, ya shiga aji ya zauna a bencin baya ya saurari darasi, in malamin lissafi bai zo ba ya ɗauki alli da kansa. Kafin ya yanke hukunci yakan tara malamai ya ji ta bakinsu, ya kira iyaye tun yaro bai lalace ba. Ɗalibansa kan shiga jarrabawar kwalifayin da ta NECO ba tare da neman satar amsa ba.

Akwai kuma mai mulkin tsawa, wanda ba ya shawara da kowa. Malamai na yi masa ladabin kura, ya juya baya su watse. Mafi muni shi ne ɗan ba-ruwana, wanda kullum ofishinsa a kulle, wai ya tafi hukuma.

Kano ba baƙuwar wannan darasi ba ce. Makarantar Midil da aka buɗe a 1927, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, ita ta yaye su Sarki Ado Bayero da Maitama Sule da Murtala Muhammed. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa a 1977 sun cika asibitocinmu da likitoci. Tsofaffin ɗalibansu in sun zauna hira, ba kasafai suke tuna gini ba, horon shugabanninsu suke tunawa.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. An gyara azuzuwa, an ɗauki malamai, mun yaba. Sai dai fenti da benci ba sa sa malami ya shiga aji. Matuƙar kujerar shugaban makaranta za ta samu ta hanyar uwa a gindin murhu, ko don kawai mutum ya daɗe a aiki, to an yi tuya an manta da albasa. Haka nan yawan canjin wurin aiki: shugaba bai gama sanin sunayen malamansa ba an ɗauke shi.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare su riƙa naɗa shugabanni bisa jarrabawa da tarihin aikinsu a aji, a horar da su, a bar kowa shekara huɗu ko biyar a wuri ɗaya, sannan a auna shi da sakamakon ɗalibansa. Masu unguwanni da iyaye na cikin birni kuma, ku riƙa leƙa makarantun nan ranar aiki, kada ku jira sai an kira taro.