A Kai Riƙo Gaban Alƙali

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk sa'ad da aka tayar da zancen mutum ya ɗauki ɗan wani ya mai da shi nasa, nan da nan mukan bugi ƙirji mu ce ai wannan al'adar Turawa ce, mu addini ya raba mu da ita. Gaskiya ne. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab sun soke tabanni, har Zaidu bin Harisa ya koma amsa sunan mahaifinsa. To, amma mun taɓa tsayawa mun dubi abin da muke aikatawa da sunan riƙo?

Duk wanda ya san Sakkwato, tun daga manyan gidajen Sama Road har zuwa lungunan Kanwuri, ya san yarinyar nan da akan ɗauko daga ƙauye a ce za a riƙe ta. 'Ya'yan gida su tafi makaranta, ita kuwa tana bakin murhu da wanke-wanke. Ba ta da gado a gidan, domin shari'a ba ta ba ɗan riƙo gado ba, sai in an yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Kuma ranar da uwarta ta zo neman abarta, sai a ce ta yi butulci. Ashe an hana yarinya gatan 'yar gida, an kuma raba ta da gatan uwa.

Abin takaici, fiƙihun Malikiyya da muke tinƙaho da shi bai bar wannan magana a duhu ba. Mai karatun Risala ya san cewa ko aure ya mutu, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, uba kuwa ciyarwa na wuyansa. In uwa ta auri bare, reno ya koma hannun kakar yaro ta wajen uwa. A wane littafi ne mai kuɗi ya shiga gaban waɗannan?

Duniya ma ta san tsarin kafala. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ambace shi a sashe na 20. Maroko ta yi masa doka a 2002, inda alƙali ne ke damƙa yaro. Jiharmu kuma ta sami dokar kare yara a 2021. Amma dokar da ba ta shiga zaure ba, me ta tsinana wa 'yar riƙo?

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jiha da ta wajabta rubuta kowane riƙo a gaban alƙali: sunan iyaye, alkawarin makaranta, damar ziyara, da ikon uwa na karɓar ɗanta. Masu cewa rubutu zai ɓata zumunci su tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. In bashin buhun gero ya cancanci takarda da shaidu, ina ga ɗan mutum?

Gobe mu ne alƙalai, mu ne masu manyan gidajen. Gyara daga kanmu zai fara. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.