A Bar Kwalta Ta Tsaya A Nida

Musu ne ya kaure tsakanina da wani abokina a ɗakin kwananmu, bayan mun kalli bidiyon wata mota tana hawan dutsen Psiloritis a tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Shi cewa ya yi kamata ya yi gwamnati ta ja hanyar har ƙololuwa, kowa ya hau a saukake. Ni kuwa ban yarda ba.

Psiloritis, wanda mutanen da suke kira Ida, shi ne dutse mafi tsawo a Kirit, mita 2,456. Mai mota yakan taso daga ƙauyen Anogiya, ya bi siririyar hanya mai kwana-kwana ta wajen kilomita 20, tsakanin duwatsu masu kaifi da ƙayoyi, awaki na tsallaka masa gaba ba ruwansu. Ƙarshenta wani fili ne mai suna Nida, a tsayin kusan mita 1,400. Daga nan sai ƙafa, tafiyar sa'o'i da dama kafin a kai ɗan ƙaramin cocin duwatsu da ke can sama.

Hujjar abokina ita ce tsofaffi da masu lalura su ma suna da hakki. Gaskiya ne, kuma hanyar da ake da ita ta riga ta ba su kaso mai tsoka. Daga Nida ana ganin dutsen, kuma kogon Ida, inda tatsuniyar Girkawa ta ce an ɓoye gunkinsu Ziyus yana jariri, yana nan kusa. Abin da ya rage sama da nan makiyaya ce. Mutanen Anogiya suna kai tumaki da awakinsu can da rani, suna yin cuku a bukkokin duwatsu da ake jerawa ba siminti, waɗanda suke kira mitato. A shigar da katafila nan, a kawo motoci ɗari a yini, ina dabbobin za su nufa? Ga shi tun 2015 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da duniya ke tattali saboda duwatsunsu da kogunansu.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne gaggawa. Hanya mai sulɓi tana sa baƙo ya wuce Anogiya gilashi a rufe. Alhali ƙauyen nan sojojin Jamus sun ƙone shi ƙurmus a watan Agusta na 1944, mutanensa suka dawo suka sake gina shi. A nan aka haifi mawaƙi Nikos Xylouris a 1936. Har yau suna da karin harshensu, suna kuma jifar juna da mantinada, wato baitoci masu layi biyu, kowane layi gaɓa 15, a biki ko a wurin shan gahawa. Ni da na koyi Hausa a aji na san bambanci: shekara biyu ina haddar nahawu, amma sai da na zauna wajen masu sayar da albasa a kasuwa kunnena ya buɗe.

Abokina ya ce to in kuɗin baƙi ne zai riƙe matasa a ƙauyen fa? Wannan tambayar ta ɗan ɗaure ni. Sai dai wanda ya san zai taka sa'o'i da ƙafa dole ya kwana a Anogiya, ya ci abincinsu, ya ɗauki ɗan jagora. Wanda mota za ta kai sama kuwa, hoto zai ɗauka ya koma otal ɗinsa na bakin teku kafin la'asar.