Hologiram ɗin da kake gani a waya, haka yake a zahiri?

Na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook: kifi na iyo a iska, ko mawaƙin da ya daɗe da mutuwa yana rawa a dandamali, an rubuta "hologiram" a ƙasa. Kafin ka tura kuɗi a aiko maka da na'urar, ɗan dakata tukuna.

Yawancinsu ba hologiram ba ne. Tupac da aka gani a bikin Coachella a 2012 bidiyo ne aka haska, inuwarsa ta faɗa kan wata siririyar leda mai sheƙi da aka kafa a karkace. Dabarar ma tsohuwa ce, John Pepper ya nuna ta da gilashi a Landan tun 1862, kuma da ita Narendra Modi ya yi yaƙin neman zaɓe a Indiya a 2014. Ita kuwa fankar nan da ake talla, ƙananan fitilun LED ne ke juyawa da gudu har ido ya haɗa su hoto guda. Koma gefenta ka gani, a shafe hoton yake kamar faifai.

Na ainihin, Dennis Gabor ne ya ƙirƙiro shi a 1947, har ya samu kyautar Nobel a 1971. Hoton waya launi da haske kawai yake adanawa, shi kuwa har da ɓangaren da kowane haske ya fito. Mai cikakken launi ana ɗaukarsa da hasken leza uku: ja, kore da shuɗi. Idan ka tsaya gabansa, idon dama da na hagu kowanne kusurwarsa yake gani, in ka matsar da kai sai ka leƙa gefen abin kamar yana cikin akwatin gilashi. Wannan ne ke sa mutum ya miƙa hannu zai taɓa.

Amma fa yana da sharaɗi. Fitila ɗaya mai ƙarfi yake so, daga kusurwar da ta dace. A hasken da ya bazu ko'ina sai ya yi dishi-dishi. Wani lokaci za ka ga ɗige-ɗige kamar yashi a jikinsa. Kuma ba ya motsi, ba ya rabuwa da farantinsa ya yi yawo a ɗaki kamar na fim.

A ganina, kada ka taɓa yanke hukunci da bidiyo. Kyamara ido ɗaya gare ta, fuskar wayarka kuma shafaffiya ce, don haka na bogi ma kan fi na gasken kyau a waya. In mai talla ya ƙi zagaya na'urar da kyamara a ɗaki mai haske, riƙe kuɗinka. Manhajar da ta ce za ta mayar da wayarka hologiram kuwa, data kawai za ta cinye maka.

Kana son ganin na gaske yau? Duba katin ATM ɗinka. In Visa ne mai hoton kurciya, juya shi a hankali a rana. Launinsa na bakan gizo ne, ba na ainihin tsuntsun ba, amma za ka ga zurfin.