Farar fitilar yayi da abin da take yi mana a kan gudron

Bayan isha'i ne, ina dawowa daga Gazawa bisa moto, ƙanena a baya. Mun wuce Agye mun miƙe hanyar Cadawa sai ga wata mota ta taso daga gaba da farar wutar nan ta yayi. Na yi masa alama sau biyu ya sauke. Maimakon ya sauke sai ya ɗaga mini far ɗinsa, wai don in gane cewa abin da ke kashe mini ido ai kod ne, bai ma kunna babbar ba. Ya wuce, duhu ya rufe ni ruf. Abin da na ji kawai shi ne ihun ƙanena: «Yaya, amalanke!» Amalanken shanu ne cike da karan hatsi, a gefen hanya, babu ko ƙyallen da ke walƙiya a jikinsa. Na karkata muka faɗa cikin rairayi. Allah ya tsare, gwiwarsa ce ta kuje, ni kuma na yi sati biyu ina ɗingishi.

Na zagi mai motar nan har na gaji. Sai da gari ya waye na tsaya gaban motona na ji kunya, don irin ƙwan da ya makantar da ni shi ne a tawa fitilar. Ni da kaina na sa aka ɗaura mini, har ina yi wa abokai burga da shi.

Ban ga laifinmu ba da muke neman haske. Duk wanda ya taɓa bin RN1 da dare, daga Gidan Rumji ta Tsibiri zuwa Maradi, ko daga Maradi zuwa Agye da Gazawa, ya san abin da ke kan hanyar: manyan kamiyo, motocin haya, amalanke, jakuna, masu keke, ƴan ƙauye masu komawa gida a ƙasa ranar kasuwa. Da ka bar gari babu fitilar titi. Mai kabu-kabu da fitilarsa ta koma kamar aci-balbal yana da gaskiya in ya ce ransa na cikin haɗari. Inda muke kuskure shi ne maganin da muke ɗauka. Fitila ta dushe, sai mu ce ƙwai ne, mu ruga kasuwa mu sayo LED mafi ƙyalli. Alhali sau da yawa ƙwan lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi.

Wani dattijo mai gyaran wutar mota ne ya buɗe mini ido, wanda ƴan Najeriya za su kira rewaya. Na kai masa moto na ce: «Baba, a cire mini wanga ƙwai, amma tsohon ba ya haska komi.» Bai ce uffan ba. Ya maida tsohon ƙwan, ya kwance wayar mas da ke ɗaure a jikin ƙarfe, ya nuna mini tsatsa da ƙurar da suka taru a wurin, ya kankare, ya ɗaure tam. Ya tsinke wani ƙulli da aka naɗe da leda ya sake haɗa shi yadda ya kamata. Da ya tada inji sai fitilar ta haska kamar ba ita ba. Ya ce: «Ɗana, ku yaran yanzu kuna canza tulu, alhali rijiya ce ta toshe.»

Daga baya na bi diddigin maganar, na tarar lissafi ne tsantsa. Ƙwan halojen yana da saurin fushi da ƙarancin wuta: in ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa na raguwa da wajen kashi 30. Motar da injinta ke tafiya, batir ɗinta ya kamata ya nuna tsakanin volt 13,5 da 14,5. A sa mita a kan batir, a sake sa ta a bakin ƙwan, bambancin shi ne abin da tsohuwar waya, makunni mai datti da mas mai tsatsa suka cinye a hanya. Tsofaffin motocin da aka shigo mana da su ta Kwatano sun sha shekaru kafin su zo, sannan rana da ƙura su ƙarasa su. Ga kuma gilashin roba da ya yi rawaya ya dushe, wanda gogewa kaɗai ke maido masa da haske.

Masu mota da yawa kuma sukan cire ƙwan H4 na wat 60/55 su sa na wat 100/90 a kan wayar da ba a yi ta don wannan nauyi ba. Soket ya narke, fizibil ya ƙone, sai a cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Fizibil ɗin nan an sa shi ne don ya mutu a madadin motar. Ka cire shi, ranar da waya ta haɗu da ƙarfe motar ce za ta kama da wuta. Gyaran gaskiya a nan shi ne rele: a jawo waya mai kauri daga batir ta bi ta fizibil zuwa fitila, makunni ya zama aikinsa ba da umurni kawai. Ba ya kai kuɗin LED mai kyau, kuma ƙwan asali zai ba da cikakken haskensa.

A babura matsalar ta ɗan bambanta. Da yawa daga cikin ƙananan da muke hawa, fitilar gaba daga bobin take shan wuta kai tsaye, shi ya sa take ƙaruwa in ka ba da wuta, ta dushe in ka sassauta. LED mai arha ba ya jituwa da irin wannan wuta, sai ya riƙa ƙifce-ƙifce ko ya mutu da wuri. Sai yaron gareji ya jona shi kai tsaye da batir, ba fizibil, ba komi. Wata biyu batir ya kwanta, a dawo ana zagin mai shago.

Amma babban abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kwanon fitila. Wancan madubin da ke bayan ƙwai an ƙera shi ne daidai da ɗan siririn zaren da ke ci a cikin ƙwan halojen, a wani gurbi ƙayyadadde, don ya tattara haske ya zuba shi a kan hanya, ya yanke shi daga sama kada ya shiga idon mai zuwa. LED ɗin kasuwa haskensa daga wani gurbi daban yake fitowa. Kwanon sai ya watsa shi ko'ina: bisa itatuwa, bisa sama, cikin idon mutane. Kai da ke bisa moto kana ganin gabanka fari fat, ka ɗauka ka samu ci gaba. A gaskiya mita goma na kusa da kai ne suka yi fari, nesa kuwa ba lalle ta ƙaru ba. Wanda ke tahowa kuma ka ɗauke masa gani. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan. In idonsa ya yi sakan uku bai dawo ba, ya yi mita 50 a makance, kuma kai ne mafi kusa da shi.

Wani zai ce to a hana LED ke nan? A'a. LED ba ya cin wuta da yawa, yana daɗewa, kuma fitilar da aka ƙera gaba ɗayanta don LED, da kwanonta da gilashinta, aba ce mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne cusa kowane ƙwai cikin kowane kwano, da ɗaura ƙarin fitilu a kan ƙarfen gaba ana barinsu kunne ko da an yi karo da wani. Har da motar nan mai ido ɗaya, wadda daga nesa za ka rantse moto ce, sai kun zo gab ka tarar da sauran jikinta a hannunka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Indiya, inda ake ƙera wasu daga cikin baburanmu, tun watan Afrilun 2017 ta wajabta sabon babur ya zo da fitilar da ke kunna kanta da an tada inji, dare da rana, don a riƙa ganin mai shi. Can fitila maganar doka ce. Nan kuwa mun bar ta a hannun mai tireda.

Ina ganin hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER, da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da na direbobin tasha za su iya abu mai sauƙi: kowace tasha, Agye, Gazawa, Gidan Rumji, a samu bango ɗaya da aka ja wa layi, da mai gyara ɗaya da ya san aikin. Magadan gari kuma su taimaka a liƙa wa amalanke ɗan abin walƙiya a baya, don manomi ba zai daina dawowa daga kasuwa da dare ba saboda mu.

Kafin nan, gwajin ba ya buƙatar kowa. Ka tsaya a fili mai daidai, mita 10 daga bango, kana zaune a kan moto. Ka auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bangon daidai wannan tsawo. Kunna kod. Bakin hasken na sama ya kamata ya tsaya wajen santimita 10 ƙasa da alamar. In ya haura, akwai ƙusar daidaitawa a jikin fitilar. In kuwa babu wani baki ko kaɗan, haske ya watsu a bangon kamar an zubar da nono, to ƙwan ne bai dace da kwanon ba. Nawa haka ya yi a bangon gidanmu, har saman taga, daren da na gwada shi kafin in kai wa Baba.