Haɗejia na da kogi, amma ina wurin zama a bakinsa?

1/ A Ingila akwai wata tsohuwar al'ada. Ranar hutu mutum ya kwashi iyalinsa ko abokai, su bi gefen kanal a ƙafa, su yada zango a gidan giya na bakin ruwa, a ci abinci, a sha giya, ana kallon ƙananan jiragen ruwa na wucewa. A kan wannan zan yi magana, don ya shafi Haɗejia. Ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifa.

2/ Bari in rufe wannan ƙofar tun da wuri. Giya haramun ce, Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma Hisba na aikinta. Ba mashaya nake nema a buɗe mana ba. Wanda ya shigo da shirin faɗa a kan wannan, ya yi haƙuri, babu abokin faɗa a nan.

3/ Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wuraren suka samo asali. Turawa sun haƙa kanal ne don dakon kaya. Kanal ɗin Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761, kwal yake kai wa Manchester. Dawaki ne ke jan jiragen daga gefen ruwa. Matuƙa na buƙatar inda za su ci, su kwana, su ɗaure doki. Haka gidajen suka tsiro. Tashar direbobi ce, irin tamu ta manyan motoci.

4/ Da jirgin ƙasa ya zo, daga baya mota, sana'ar ta mutu. Kanal da yawa suka cika da shara da ciyawa. Sai mutanen gari, da yawansu 'yan sa-kai, suka tashi suna yashewa suna gyarawa. Yau hukumar Canal & River Trust, da aka kafa a 2012, na kula da hanyoyin ruwa kusan mil 2,000. Ruwan da aka yi watsi da shi ya koma wurin shaƙatawa da neman kuɗi.

5/ To mu dawo gida. Namu ba ma haƙa shi aka yi ba, Allah ne ya ba mu. Kogin Kano da na Challawa su haɗu, ruwan ya gangaro ta Wudil da Ringim ya iso Haɗejia, ya bazu a fadamomi, ya wuce ya haɗu da na Jama'are, har Tafkin Chadi. Shinkafarmu, kifinmu, barkononmu, duk albarkacinsa ne.

6/ Kanal ma muna da shi fa. Aikin noman rani na kwarin Haɗejia da ke yankin Auyo, wanda aka gyara, Buhari ya zo ya ƙaddamar a 2023, hanyoyin ruwa ne shimfiɗe a cikin gonaki.

7/ Yanzu tambayata ga 'yan Haɗejia. Baƙo ya zo maka daga Kano ko Abuja, ya ce ya ji labarin kifin garinku, yana so ya zauna a bakin ruwa ya ci. Ina za ka kai shi? Ina nufin wuri mai tsafta, da benci, da inuwa, da banɗaki, wanda ba za ka ji kunyar zuwa da ƙanwarka ba. Ka faɗa min sunansa a ƙasa.

8/ Abin da yawancinmu za mu yi: mu sayo kifin a leda, mu koma soro ko majalisa a bakin titi, mu ci babura na bulbula mana ƙura. Kogin na can bayan gari. Ba ma tuna shi sai ranar da ya cika.

9/ Kuma idan ya cika kowa ya san sauran. A 2020 da 2022 mun ga abin da ruwa ya yi wa Jigawa. Gonaki sun nutse, gidaje sun rushe, hanyoyi sun yanke. Matasan gari sun kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa. Wallahi abin alfahari ne. Amma da ruwa ya ja, kowa ya watse, aka sake juya wa kogin baya.

10/ A nan maganar ta wuce cin kifi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. A da, ya cika da damina ya ja da rani, ƙasa ta bushe. Yanzu akwai wuraren da ruwa ke kwance duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so.

11/ Kacala ta toshe hanyar ruwa, yashi da laka su taru a gindinta, ruwa ya rasa ta inda zai bi, sai ya fasa ta gonar wani. Masunci ya kasa tura kwale-kwale. Tsuntsaye jan-baki su samu maɓoya su far wa shinkafa da gero. Ka tambayi mutanen Guri da Kirikasamma, su za su ba ka labari da kyau.

12/ Me ya haɗa wannan da wurin cin abinci? Ra'ayina ke nan: abin da mutane ba sa gani kullum, ba sa yi masa faɗa. Manomi da masunci suna kuka kan kacala shekara da shekaru. Amma ɗan boko, ɗan kasuwa, ɗan siyasa, mai waya da mabiya dubu goma, sai ya yi shekara bai taka bakin kogi ba.

13/ Da a ce akwai inda muke zama duk Juma'a da yamma muna kallon ruwan, da ranar da jinga ta fara zaizayewa hotonta ya cika Facebook kafin magariba. Da wanda ya zo juye shara ya ji kunyar idon jama'a. Mai gasa kifin da cinikinsa ya dogara da tsaftar wurin, shi zai fara korar mai bahaya a gaɓa, ba sai an ɗauki mai gadi ba.

14/ Kuma me za a rasa na ci da sha? Tarwaɗa gasasshiya da yaji da albasa. Karfasa soyayya. Farfesun kifi da safe lokacin sanyi. Fura da nono daga rugagen da ke kewaye da mu. Kunun aya, zoɓo, shayi mai citta da kanumfari. Bature na cin kifi da soyayyen dankali yana ta yabo. Ya zo ya ɗanɗani kifi banda a miyar kuka tukuna.

15/ Abin haushi, kifin nan daga kasuwarmu ake loda shi a kwalaye a kai Kudu. Can a saka shi a faranti mai kyau, a kunna fitila, a ninka kuɗinsa. Mu da muka kamo shi muka banda shi, ribarmu ta tsaya a bakin mota.

16/ Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: “Ka buɗe irin wannan wuri, wata uku ya koma matattarar 'yan shaye-shaye da lalata.” Iyayenmu ba haka kawai suke tsoro ba. Sun ga wuraren shaƙatawa a wasu garuruwa da suka fara da lemo suka ƙare da abin da baki ba zai faɗa ba.

17/ Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Mai shan ƙwaya da sholisho ba ya jiran a gina masa rumfa. Duhu yake nema, kango, bayan gari, inda ba kowa. Wurin da ke da fitilar sola, da dattijai a zaune, da mata da yara, da lokacin tashi sananne, shi ne wurin da ya fi gudu. Barin bakin kogi babu kowa bai taɓa shiryar da yaro ko ɗaya ba.

18/ A sa doka a rubuce a ƙofa. Ba giya, ba shisha, ba caca. A ware ɓangaren iyali. A yi masallaci. A tashi bayan isha'i. Hisba ta shigo duk sanda ta ga dama, ta ma sha shayi.

19/ Maganar mata kuwa, ita ta fi damuna. Namiji yana da majalisa, yana da teburin mai shayi, yana da gidan kallon ƙwallo. 'Yan uwanmu mata fa? In ba biki ko suna ba, ina za su je su sha iska tare da yaransu hankali kwance? Garin da ke da kogi bai kamata amsar ta zama “babu” ba.

20/ Wani zai ce ai ambaliya za ta cinye ginin. Gaskiya ne, idan aka yi ginin siminti a cikin hanyar ruwa, kuma wanda ya yi haka ya ƙara mana matsala. Rumfuna nake nufi, na kara da zana da katako, a kafa bayan kaka, a kwashe kafin ruwa ya iso. Masunta da masu noman rani haka suke zaune da kogin nan tun kaka da kakanni.

21/ Sauro ma gaskiya ne. Tsargiya gaskiya ce, don haka ba wurin wankan yara ba ne. In za a ɗauki mutane yawo a kwale-kwale, dole rigar ceto ga kowa da ƙayyade adadi. Mun binne mutane da yawa a Jigawa sanadin kifewar kwale-kwale, ba za mu ƙara don nishaɗi ba.

22/ Wani abin mamaki: dausayin Baturiya na cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya tun 2008. Tsuntsaye na tasowa daga Turai su tsallake Sahara su yi hunturu a nan. Su sun san hanya. Mu nawa ne a cikin masu karanta wannan suka taɓa zuwa?

23/ Ba biliyoyi ake buƙata ba. Ƙaramar hukuma ta ware fili a tudu kusa da ruwa. Masarauta ta sa albarka, don in babu wannan iyaye ba za su bar 'ya'yansu su je ba. Sarkin ruwa ya nuna inda ba haɗari. A ba masu gasa kifi da masu fura rumfa a kan haya mai sauƙi, kuɗin ya tafi ga shara da fitila.

24/ Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan Haɗejia da ke Kafin Hausa, Dutse, Kano da Zariya, da matasan da suka tsare jinga, na bar muku. Hutun da ke tafe mu gwada na yini ɗaya: tabarmi, masu kifi biyar, mai shayi biyu, buhunan kwashe shara. Wanda ya san gaɓar da ta dace ya rubuta a ƙasa, ya kuma faɗi ko mota na iya isa.