Sharhi: Kafin a tara kuɗin dashen ɓargo, a fara duba hanta da ƙoda

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na ƴan Maraɗi, Damagaram ko Tawa mazauna waje ya san irin wannan saƙo: hoton yaro mai sikila, ko emasi kamar yadda ake faɗa a nan gida, da takardar wani asibiti na Indiya, da lambar da za a tura gudummuwa. Jama'a na bayarwa, kuma Allah ya saka musu. Amma a cikin irin waɗannan saƙonni da wuya a ga an faɗi halin da hantar yaron, ƙodarsa, huhunsa da zuciyarsa suke ciki, alhali a kan wannan ne rabin maganar take.

Dashen ɓargo daga jikin wani ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin a zuba wa majinyaci ƙwayoyin da ke haifar da jini, sai an ba shi magunguna masu ƙarfi da za su kashe nasa ɓargon, su kwantar da garkuwar jikinsa. Makonni zai yi ba shi da abin kare kansa daga ƙwayoyin cuta. Bayan haka kuma sabon ɓargon na iya ɗaukar jikin da ya shiga a matsayin baƙo, ya afka wa fata, hanji da hanta. Jikin da ya iso da rauni a ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓi, a nan yake karyewa.

Likitoci sun daɗe da auna wannan. A 2005 Dakta Mohamed Sorror da abokan aikinsa na cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka suka fitar da wani ma'auni mai duba matsalolin lafiya 17 da mutum ke iya zuwa da su kafin dashe. Ciwon suga da ake shan magani maki 1 ne. Matsakaicin ciwon ƙoda ko mai tsanani, maki 2. Ciwon hanta mai nauyi ko ciwon huhu mai tsanani, maki 3 kowanne. A cikin shekaru biyu bayan dashe, waɗanda ba su da maki ko ɗaya kashi 14 cikin 100 ne suka rasu ba tare da cutarsu ta asali ta dawo ba. Masu maki 1 zuwa 2, kashi 21. Masu maki 3 zuwa sama, kashi 41.

Akasarin waɗancan majinyata masu kansar jini ne, don haka bai dace a ɗora alƙalumansu a kan ɗan sikila kai tsaye ba. Nasa lissafin ya fi daɗin ji. Binciken da Farfesa Eliane Gluckman ta birnin Paris ta jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya bi mutum 1000 masu sikila da suka karɓi ɓargo daga ɗan'uwa ko ƴar'uwa da jininsu ya dace sosai, kuma kusan kashi 93 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Sai dai binciken ya nuna sakamakon na raguwa gwargwadon ƙaruwar shekarun majinyaci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk tashin ciwo yana barin tabo, kuma tabon taruwa yake yi a ƙoda, a huhu, a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ɗan shekara shida da saurayi ɗan ashirin da biyar cutarsu ɗaya, amma ba jiki ɗaya suke kai wa likita ba.

Akwai kuma abubuwan da majinyacin Nijar ke tafiya da su waɗanda ƙila ɗan Faransa ba ya da su. Kowace ledar jini da aka ƙara wa yaro tana barin kimanin miligiram 200 na sinadarin ƙarfe, jiki kuwa ba ya da hanyar fitar da shi, sai ya kwanta a hanta da zuciya in ba a ba da maganin cire shi ba. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankin nan, yana iya yin shekaru a kwance ba alama, ya farka lokacin da aka danne garkuwar jiki. Haka ma tarin tibi. Duka ana iya gano su da gwaji, kuma ana iya shawo kansu kafin tafiya, in an nema.

Wannan ba yana nufin mai rauni ya haƙura ba. Shanyewar ɓarin jiki ma tana cikin manyan dalilan da ke sa likitoci su ba da shawarar dashe ga ɗan sikila, kuma akwai hanyoyi masu sauƙin magani da aka tsara saboda manya da waɗanda gaɓoɓinsu suka taɓu. Abin da ake so shi ne iyali su san matsayin nasu majinyacin kafin a sayar da gona. Masu shiga tsakani da ke haɗa iyalai da asibitocin waje sukan ambaci kashi 90 cikin 100 kamar an rubuta shi don kowa, alhali wannan adadi na yara ne galibi, masu mai bayarwa da ya dace sosai. Dacewar kanta ba ta da tabbas: ɗaya cikin huɗu ce ga kowane ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidan da yawancin yaran ƴan uba ne, cikar gida ba ta ƙara komai a wannan lissafi.

Saboda haka ɗan ci-ranin da aka nemi ya sa hannu yana da haƙƙin ya yi tambaya, ba don rowa ba. An auna ƙarfen da ke jikin yaron? An gwada shi ciwon hanta? Me gwajin ƙoda da na huhu suka nuna? Wane kaso likitan da zai yi aikin ya ba wannan yaron, shi kansa? Wa zai bi lafiyarsa in ya dawo, tunda watanni zai yi yana shan magungunan danne garkuwa a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke jiransa?

Nauyi mafi girma yana kan hukumomin kiwon lafiya. Ba sai Nijar ta gina sashen dashen ɓargo ba kafin ta taimaki waɗannan yara. Cibiyar ƙasa ta kula da masu sikila tana Yamai, nesa da uwar da ke Tasawa ko Magarya. Abin da ake buƙata a manyan asibitocin jihohi shi ne gwajin jarirai tun daga haihuwa, maganin hydroxyurea a farashin da talaka zai iya, jini da aka tace da kyau, da kuma karne guda da ake rubuta kowane ƙarin jini da kowace kwanciya asibiti. Likitan Indiya ko na Tunisiya da aka kai wa yaro ba tare da wannan tarihi ba, sai ya sake gwaje-gwajen tun daga farko, iyali na biyan kuɗin masauki suna jira, wani lokaci kuma sai a can ne ake gaya musu cewa hantar ba za ta ɗauki aikin ba.