Wa Ya Yanke Wa Idon Yaro Wa'adi?

'Yar ƙanwata tana da shekara goma aka gane idonta na hagu ba ya gani sosai. Ido ne garau, babu yana, babu ja, sai 'yar harara-garke da muka ɗauka ado ce. Daga Bagudo aka haɗa kuɗin mota aka kai ta wani asibiti. Ma'aikacin bai yi minti biyar da ita ba ya ce wa uwar: "Hajiya, ai da tana shekara shida kuka zo. Yanzu sai haƙuri."

Da wannan "sai haƙuri" nake faɗa.

Ciwon ana kiransa raggon ido. Idon lafiya lau yake, ƙwaƙwalwa ce ta yi watsi da shi tun yarinta, saboda hoton da yake aika mata dishi-dishi ne ko a karkace. Maganin ba tiyata ba ne: a ba yaro tabarau daidai da idonsa, sannan a rufe ido mai ƙarfin da filasta na wasu awanni kullum, ragon ya tashi ya yi aiki dole.

Tsohon ra'ayin yana da tushe, ban musa ba. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna a kan 'yan kyanwa cewa akwai lokacin da ƙwaƙwalwa ke koyon gani, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1981. Daga nan aka riƙe cewa ƙofa tana rufewa wajen shekara bakwai. Amma a 2005 likitocin idon yara a Amurka sun fitar da bincike kan yara 507, 'yan shekara 7 zuwa 17. Cikin 'yan 7 zuwa 12, kashi 53 cikin ɗari sun samu ƙarin gani da aka haɗa tabarau da filasta da ɗigon atrofin. Masu tabarau kaɗai, kashi 25. Har 'yan 13 zuwa 17 da ba a taɓa yi wa magani ba, kashi 47 sun amfana. Yawancinsu ganin bai cika cif ba, gaskiya ne, kuma zuwa da wuri ya fi. To, rabin gani da babu, ɗaya ne?

Ku tambayi manomin shinkafa a bakin Kwara da kara ya tsone wa ido mai kyaun, alhali ɗayan tun yarinta aka bar shi.

Mu ma iyaye ba mu fita ba. Mutumin da zai ɗora kaya a babur ya ƙetare Tsamiya har Segbana, shi ne zai ce Birnin Kebbi ta yi nisa a mayar da yaro a sake duba shi. Komawar kuwa wajibi ce, don filastar da ba likita ke lura da ita ba tana iya raunana ido mai lafiyar. Ga tsokana: yaro ya fita da filasta, 'yan unguwa su bi shi da "mai ido ɗaya", uwa ta ji kunya ta ɓalle. Alhali yara da yawa awa biyu a rana ta ishe su, a cikin gida, bayan an taso Islamiyya.

Malamin firamare a Illo ko Kaoje ko Lolo ba ya buƙatar na'ura. Ya sa kowane ɗalibi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta allo, ya sake da ɗayan. Da an yi mana haka, da tun aji ɗaya mun sani.

Yarinyar dai mun kai ta wurin wani likitan. Wata na huɗu ke nan tana saƙar hula da ido ɗaya a rufe, tana mita.